Machina Ta Sami Kwalta, Saura Birki

Duk wanda ya san Machina tun tana ƙarƙashin Jihar Barno, watau kafin a ƙirƙiro Jihar Yobe ran 27 ga Agusta, 1991, ba zai manta da wahalar isa gare ta ba. Daga Nguru tafiyar ba ta kai kilomita 60 ba, amma rairayi ne tsantsa, sai Land Rover da irinta ke iya ratsawa, ita ma in ta kafe fasinja su sauka su tura. A zamanin mulkin Gwamna Ibrahim Gaidam, wanda ya riƙe jihar daga 2009 zuwa 2019, aka shimfiɗa kwalta, tafiyar da kan ci rabin yini ta koma ta sa'a guda. Babu mai ƙin wannan alheri. Mara lafiya yakan isa babban asibitin Tarayya na Nguru da sauran numfashinsa, mai gero da mai dabba kuma suna kai kayansu kasuwa a kan kari.

Garin yana nan a gindin duwatsunsa, dab da iyakar Jamhuriyar Nijar, fadar Mai Machinama a tsakiya. An san mutanensa da al'adar nan ta rashin kashe maciji, domin labarin kaka da kakanni ya ce ɗan'uwan gidan sarauta ne. Abin da baƙo ya kamata ya lura da shi kuwa shi ne yadda aka gina garin, kamar dai sauran garuruwanmu na da. Ƙofar zaure a bakin hanya take. A nan dattawa ke shimfiɗa tabarma, a nan almajirai ke wucewa da allunansu, 'yan mata da farantin talla, awaki da amalanken shanu. Ɗaurin aure da zaman makoki duk a ƙofar gida ake yinsu. Hanyar unguwa tsakar gida ce ta jama'a, kuma shekara da shekaru yashi ne ke tsare ta, tun da mota ba ta iya gudu a cikinsa. Ran da kwalta ta zo, wannan mai gadi ya bar aiki, ba a kuwa ɗauki wani a madadinsa ba.

Machina ba ta cika da motoci ba tukuna. In ana son ganin abin da ke tafe, sai a dubi maƙwabtanta. Nguru ta bunƙasa ne saboda layin dogo da ya iso daga Kano a 1930, inda aka riƙa lodin gyaɗa da ƙaro da fatu da shanu. Tun da harkar jirgin ƙasa ta ja baya, kayan nan suka koma bayan tirela da gingimari, su kuwa ba su da dogo nasu, cikin gari suke bi. Haka abin yake a Gashuwa, hedkwatar masarautar Bade a bakin kogin Yobe, inda hanyar Damaturu ta Bayamari da ta Potiskum ta Jakusko da ta Nguru ta Jajimaji suka haɗu, ga kuma Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2013 ta ƙara wa garin jama'a. Ranar kasuwa babbar hanya takan cushe, direban da ba shi da wata hulɗa da garin sai wucewa ya karkata cikin unguwa yana neman mafita. Bai san lungun ba, bai san inda makarantar allo take ba, sauri kawai yake yi. Ga Keke Napep da ya yawaita a shekarun da aka hana hawa babur saboda rikici, ga baburan kansu sun dawo bayan ɗage dokar.

Lissafin ba shi da wuya. Motar da ke gudun kilomita 50 a sa'a, wanda shi ne iyakar da dokar hanya ta Nijeriya ta yarda da shi a cikin gari, tana cin kusan mita 14 a daƙiƙa guda. Kafin direba ya ga yaro ya ɗaga ƙafa ya taka birki, ya riga ya wuce ƙofar gida biyu. Mai gudun 30 kuwa mita 8 yake ci, kuma in tsautsayi ya auku galibi wanda aka buge yakan rayu. Saboda haka ne taron ministocin duniya da aka yi a Stockholm ta ƙasar Suwidin a 2020 ya nemi a tsaida gudu a kan 30 a duk inda motoci ke cuɗanya da masu tafiya a ƙasa. Mutanen Holan sun riga kowa. Daga birnin Delft suka fara matse titunan unguwa, suna dasa itatuwa suna lanƙwasa hanya don dole mota ta yi tafiyar ƙafa, a 1976 kuma suka mai da abin doka.

Mu a nan maganin da muka sani ɗaya ne. Sai an buge yaro, matasa su fusata, su kwaɓa siminti ko su jera kututturan itace a tsakiyar titi. Ba na ganin laifinsu, amma tudun da aka yi cikin fushi, ba fenti ba alama, yakan kayar da mai babur da dare, ya jijjiga mai naƙuda a bayan a-kori-kura, direba kuma ya sauka gefen kwalta ya bi ta inda mutane ke zaune. Tudun rage gudu aikin injiniya ne: mai faɗi, mara tsini, da fenti, a gaban makaranta da masallaci da asibiti. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ba ta da ma'aikatan da za ta tsayar a kowane lungu, saboda haka dole titin da kansa ya hana gudu.

Babban magani dai shi ne a raba mai wucewa da mai gida, watau hanyar kewaye da tashar manyan motoci a bayan gari. Nan ma akwai abin lura. Hanyar kewaye ta yamma da aka yi wa Kaduna gari ya cim mata ya haɗiye, har ta zama titin unguwa mai tireloli, mutanen gefenta suka yi ta kukan asarar rayuka. Nguru da Gashuwa sun cika, duk inda aka ja layi sai an biya diyyar gidaje. Machina kuwa har yanzu fili ne ke kewaye da ita. Ƙaramar hukuma da majalisar Mai Machinama suna iya auna hanyar kewaye tun yau, su kafa turaku, su keɓe tazara a gefenta, su gargaɗi masu unguwanni kada a yanka wa kowa fuloti a ciki, ko da kuɗin zuba kwaltar ba zai samu ba sai bayan shekara goma.