Hannun Malami Na Iya Ceton Rai

'Yan'uwana ɗalibai, duk wanda ya fita gwajin koyarwa ya sani aikin malami ba a cikin aji ya ke ƙarewa ba. A makarantar da aka tura ni bara, ni aka danƙa wa wasannin yamma, watau ƙwallo da tsere da tsalle. Asibiti kuwa sai an yi tafiyar sa'a guda a mota. Tun daga nan ni ke tambayar kaina, in yaro ya yanke jiki ya faɗi a fili, me zan yi masa?

Mutane da yawa suna tsammani ciwon zuciya na tsofaffi ne kaɗai. Ba haka ba ne. Ran 12 ga Agusta, 1989, Samuel Okwaraji ya faɗi a filin wasa na Surulere a Ikko, yana buga wa Nijeriya ƙwallo da Angola. Shekarunsa 25, bai kuwa sake tashi ba. Haka ya faru ga Marc-Vivien Foé na Kamaru a Faransa cikin 2003. Da likitoci suka bincika, sai suka tarar naman zuciyarsa ya yi kauri ƙwarai, cutar da a kan gada daga iyaye. Amma Christian Eriksen na Danmak, wanda zuciyarsa ta tsaya a tsakiyar wasa cikin 2021, ya rayu har ya koma ƙwallo, gama nan take aka shiga danna masa ƙirji, aka kuma sa masa na'urar lantarki mai daidaita bugun zuciya.

Abu biyu ne na koya daga wannan. Na fari, bincike tun da wuri. A Italiya, tun 1982 doka ta ce sai likita ya duba zuciyar ɗan wasa kafin ya shiga gasa, kuma a lardin Beneto irin wannan mutuwa ta farat ɗaya ta ragu da kusan kashi 90 cikin 100. Mu ba mu da likita a kowace makaranta, amma muna da baki. Kafin a fara wasannin shekara, malami ya tambayi kowane yaro: Ka taɓa suma kana gudu? Ƙirjinka ya kan yi ciwo? Akwai wanda ya mutu farat ɗaya da ƙuruciya a danginku? Wanda ya amsa i, a gaya wa iyayensa su kai shi asibiti a auna zuciyarsa tukuna.

Na biyu, abin da za a yi in an faɗi. Al'adarmu ita ce a taru a kan mutum, wani na fifita, wani na yayyafa ruwa, wani na cusa masa cokali a baki ana cewa farfaɗiya ce. Alhali in jini ya daina zuwa ƙwaƙwalwa, cikin minti 4 zuwa 6 ta fara lalacewa. In ka kira yaro, ka girgiza shi, bai amsa ba, ba ya kuma numfashi sosai sai shaƙuwa, to, aiki wani ya nemo taimako da mota. Kai kuwa kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri, ɗora tafin hannu bisa ɗaya a tsakiyar ƙirjinsa, ka miƙe hannuwanka, ka danna ƙasa kamar santimita 5, sau 100 zuwa 120 a minti guda. In ka gaji wani ya karɓe ka. Kada a bari sai ya farfaɗo, ko ma'aikatan lafiya sun karɓa.

Wani zai ce, ai in ajali ya zo babu makawa. Gaskiya ne, amma Hausawa sun ce, Allah ya ce tashi in taimake ka. Karatu a takarda kuma ba ya isa, sai hannu ya saba. Saboda haka ina roƙon shugabanninmu su gayyaci mutanen Red Cross su koya mana wannan aiki da gwaji, kada ɗayanmu ya karɓi takardar shaidar malanta bai iya ba. Iyaye amana suka ba mu, ran da abin ya faru kuwa, babu babba kusa da yaron sai mu.

Allah shi kiyaye mana yaranmu, amin.