Gilashi Ɗaya, Aiki Biyu

Da wuya a yau a kira mai ɗaukar hoto wurin biki ko taro a ce masa hoto kaɗai ake so. Tun da kamfanin Canon ya fitar da 5D Mark II a 2008, kyamarar hoto ta kutsa cikin aikin bidiyo, nauyin mutum biyu ya koma kan mutum ɗaya. Shi kuwa wannan mutum, sau da yawa kuɗin da ya tara bai wuce na gilashin kyamara guda ba. Idan ya yi zaɓen tumun dare, ribar watanni ta tafi, ga shi ba a maimaita ɗaurin aure don kawai hoto bai fito ba.

Mafi yawan masu saye, tsawon zuƙowa ne ke fara jan idonsu. Gilashin da aka rubuta masa 18-200mm ya kan yi kama da maganin kowace damuwa, amma ainihin maganar tana cikin lambar da ke gefe: f/3.5-5.6. Ma'anarta, ƙofar haske tana tsukewa gwargwadon yadda aka zuƙo abu, har hasken da ke shiga ya koma ƙasa da rabi. Mai hoto zai iya rama wannan asara ta hanyar rage saurin ƙiftawar kyamara. Mai bidiyo ba shi da wannan sarari, domin idan yana ɗaukar hoto 25 a daƙiƙa, ƙa'ida ta ɗaure shi kusa da 1/50. A ƙasashen da wutar lantarkinsu ke kan 50Hz, irin su Nijeriya da Nijar, kaucewa wannan lamba kan sa fitilun ɗaki su riƙa walƙiya a cikin bidiyo. Sai dai fuskar amarya ta dusashe a tsakiyar ɗauka.

Shi ya sa muhawarar masu sana'a ta fi tsayawa kan gilasai biyu waɗanda ƙofarsu ba ta canzawa: 24-70mm f/2.8 da 24-105mm f/4. Na farko yana shigar da ninki biyu na hasken na biyu, kuma ya fi iya narkar da bayan mutum. Na biyu ya fi kai wa nesa, yawanci ya fi araha, kuma galibi yana da na'urar rage girgiza. Ga wanda aikinsa ya fi yawa a zauren taro da daddare, f/2.8 ne, babu ja. Ƙarin nisan 105mm abu ne da taku biyar kan maye gurbinsa. Hasken da babu shi kuwa, ƙafa ba ta kawo shi.

Waɗannan lambobi na kyamara mai cikakkiyar sensa ne. A kan ƙaramar sensa ta APS-C, ana ninka su sau 1.5, ko 1.6 a Canon, sai 24mm ta koma kamar 36mm, wadda ba za ta kwashe dangi duka a ƙaramin falo ba. A nan irin 17-70mm f/2.8 na Tamron ko 18-50mm f/2.8 na Sigma suka fi dacewa.

Akwai kuma aibobin da hoto ke rufa wa asiri, bidiyo ya tona. Wani gilashin, da an zuƙo, saitinsa ya goce. Wani, idan aka sauya saiti daga fuska zuwa fuska, gefunan hoton su riƙa matsowa suna ja da baya kamar mai numfashi. Wani kuma motarsa na ƙara, makirufo na naɗewa. Babu ɗaya daga cikinsu da ake rubutawa a jikin kwali, saboda haka mai hankali kan je shago da kyamararsa, ya ɗauki bidiyon minti ɗaya yana zuƙowa yana sauya saiti, sannan ya saurara da abin kunne kafin a fara ciniki.