Zogalen Tudun Wada

Daga Bebeji, inda madatsar Tiga take tun 1974, muka bi ta Kwanar Dangora a ƙasar Kiru, muka kwana Tudun Wada. Bazara ce, ganye ya yi wuya, amma uwargidan mai masaukinmu ta kawo mana kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli.

Iri ta shuka a bayan gida, ba reshe ba, domin saiwa ta nutse. Zurfin gaɓar yatsa ya isa, cikin mako biyu ya tsiro. Da ya kai ƙirji ta datse kansa, ya yi rassa. Ruwan wanke-wanke yake sha. Awaki sun cinye mata na fari, sai da ta kewaye da ƙaya.

Ta ƙulle mana iri a tsumma. Muka ratsa dajin Falgore, muka raba wa matan zumunta a Doguwa, su jira ruwan shuka.