Gashin Da Babu Wuta

'Yan'uwa marubuta da masu sha'awar rubutu. Mun daɗe muna ɗauke da wannan magana a ciki, sai yau muka ga ya kamata mu sauke ta a gabanku, domin ku ne ma'abota kalmomi, mu kuwa kalma ce ta taɓa kayar da mu.

Mu malaman makaranta ne a Ribah, hedikwatar ƙaramar hukumar Danko-Wasagu ta ƙasar Zuru. Karatunmu bai wuce difloma ta koyarwa ba, kuma Hausa muke koyarwa. Amma a gari irin namu malami shi ne mai rubuta wasiƙa, shi ne mai cike takardu, shi ne kuma ɗan rakiya idan tafiya ta kama zuwa inda ake Turanci. Ta haka ne wata shekara, bayan an gama girbin dawa, aka roƙe mu mu raka mahaifiyar wani ɗalibinmu zuwa wani babban asibiti a birni. Ƙullutu ne ya fito mata a mama, an yi na gida har an gaji.

Da sakamakon gwaji ya fito, likita ya ce sankara ce, wato ciwon daji, za a yi aiki a cire, daga baya kuma a sa ta a na'ura. Ya faɗi sunan maganin da Turanci, ya dube mu ya ce mu yi mata bayani. Muka lalubi kalma a ka, ba mu sami wadda ta wuce wadda muka ji ana faɗa a layin asibiti ba. Muka ce, "Inna, bayan aikin za a yi miki gashi." Ta yi shiru, can ta ce, "Malam, gashi irin na nama?" Muka yi dariya muka ce a'a, amma da ta tambaya to wane iri ne, sai bakinmu ya mutu, don mu ma ba mu sani ba. An yi aikin lafiya, ta dawo gida, amma ranar komawa ta ce ita kam ba za a gasa ta da ranta ba. Babu irin lallashin da ba a yi ba. Ba ta ga girbi biyu a bayan nan ba. Rai na Allah ne, kuma ba mu ce da ta koma lalle sai ta warke ba, amma har gobe idan muka tuna sai mu ji kalmar nan tamu tana cikin abin da ya tare mata hanya.

Bayan an share makoki, ɗan nata, yana aji huɗu na sakandare a lokacin, ya same mu a ƙarƙashin bishiyar da muke duba littattafan yara. Ya durƙusa ya ce, "Malam, shi wanda yake kunna na'urar nan, me ya karanta?" Tambayar ta yi mana nauyi, muka ce ya ba mu mako biyu. Rashin sani ya fi dare duhu, don haka muka shiga tambaya da karatu kamar mu ne za mu zauna jarrabawa. Ga abin da muka samo, wanda da mun san shi a ranar nan da ba mu yi dariya ba.

A shekarar 1895 wani Bajamushe mai suna Wilhelm Röntgen ya gano wani haske da ido ba ya gani, mai ratsa tsoka, shi ne wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi. A 1898 kuma Marie Curie da mijinta Pierre suka gano sinadarin radiyom a Faransa. Ba a jima ba likitoci suka lura cewa irin wannan haske, idan aka ƙara masa ƙarfi, yana lalata ƙwayoyin sankara har su kasa hayayyafa. A 1951 aka fara amfani da na'urar kobal a Kanada, yau kuma na'urorin da suka fi yawa da lantarki suke samar da hasken. A Nijeriya, asibitin koyarwa na Jami'ar Legas ya sami na'urar kobal a 1973, na Ibadan ya bi baya a 1987, sannan aka buɗe irin wannan sashe a Zariya da Abuja da Sakkwato da wasu wurare. Masana sun ce kusan rabin masu sankara suna bukatar wannan magani a wani mataki na jinyarsu.

Babu wuta a ciki, babu garwashi. Majinyaci yana kwanciya ne a gado na 'yan mintoci, ba ya jin zafi a lokacin, ko da yake daga baya fatar wurin takan yi duhu ko ta yi tsami, jiki kuma ya yi kasala. Ana raba maganin kaɗan-kaɗan, yawanci Litinin zuwa Juma'a har tsawon makonni, domin lafiyayyen nama ya sami sararin farfaɗowa tsakanin yau da gobe. Mutum uku ne ke riƙe da aikin: likitan sankara da ke yanke yawan hasken, masanin fizis da ke lissafa shi, sai ma'aikacin da yaron ya tambaya. Shi ne mai kwantar da majinyaci daidai yadda aka kwantar da shi jiya, ya duba alamar da aka yi a fata, ya fita daga ɗakin mai kaurin bango, ya kunna na'ura yana kallo ta allo. Shi ne kuma fuskar da majinyaci ke gani kullum, wanda ake yi wa tambayar da ake jin nauyin yi wa likita.

Hanyar zuwa can ita ce karatun rediyografi a jami'a. Ana neman kiredit biyar a Turanci da lissafi da fizis da kimistiri da bayoloji, sai jarrabawar JAMB. Karatun shekara 5 ne, akwai shi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato da Jami'ar Bayero ta Kano da Jami'ar Maiduguri. Bayan nan sai shekara guda ta sanin makamar aiki a asibiti, da rajista da hukumar masu wannan sana'a wadda aka kafa a 1987, sannan mutum ya karkata ga ɓangaren jinyar sankara.

Da muka karanta wa yaron wannan, sai ya fara ƙirga shekaru da yatsa. Mu kuwa abin da muke ƙirgawa daban ne. Makarantarmu ta yi zango biyu babu malamin fizis, ɗakin gwaje-gwajenmu kuwa sunansa kawai ya rage. Ga baffansa ya riga ya yanke cewa soja zai shiga, kuma duk wanda ya san ƙasar Zuru ya san kaki abin alfahari ne a gidajenmu. Sau uku muna zuwa gaishe da dattijon nan. A na ukun ya ce, "Malam, soja wata shida ne ya fara aiko da gishiri. Naka fa?" Muka ce, "Baba, namu shekara shida ne ko fiye, ba za mu ɓoye muku ba." Ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya ce saboda marigayiya ya ba shi dama biyu, in ya faɗi sau biyu magana ta ƙare.

Ya faɗi a karon farko, fizis ne ya kayar da shi. Muka haɗa 'yan kuɗi mu malamai, muka tura shi Zuru wajen wani mai koyar da darasin yamma. A karo na biyu Allah Ya ba shi sa'a. Yanzu yana shekara ta uku a Sakkwato, kuma kowane zango sai an sayar da buhun dawa kafin ya koma. Ko zai kai ƙarshe, wannan yana hannun Allah.

Da ya zo hutun da ya wuce, mun tambaye shi yadda zai gaya wa tsohuwa irin mahaifiyarsa abin da za a yi mata. Ya ce, "Malam, cewa zan yi za a haska wurin, sannan in kai ta ta ga ɗakin da idonta kafin ranar." Muka rubuta kalmar a bayan rajistar aji.

To, 'yan'uwa, ga roƙonmu. Littattafanmu cike suke da jarumai likitoci da lauyoyi da 'yan kasuwa, amma yaron ƙauye ba zai yi burin aikin da bai taɓa jin sunansa ba. Ku sa irin waɗannan ma'aikata a labaranku. Ku zauna da su ku tambaye su, ku samo mana kalmomin da ba za su kori majinyaci daga bakin magani ba. Idan haskawa ba ta yi muku ba, ku kawo wadda ta fi ta, shafukan mujallar nan a buɗe suke. Allah Ya jiƙan Inna, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.