Ziyara a Babban Katami: lakkol ɗin ƙananan yara gab da hutun damina

Ƴan uwa manoma da makiyaya, labarinmu na wanga wata daga Babban Katami ya fito, cikin gundumar Buza, jihar Tawa. Mai zuwa daga Madawa zai bar hanyar da ta taso daga Yamai zuwa Damagaram, ya yi arewa zuwa Buza, sannan ya kama hanyar ƙauyuka. Ƙasar Adar ce, ga duwatsu, ga fako, ga koramu. Hausawa na noman hatsi da dawa da wake, Buzaye da Fulani na kiwo. Da rani maza da yawa suna tafiya biɗa Najeriya ko Abijan, a bar mata da tsofaffi da yara.

A wani ƙauye na wannan karkara munka tarar da lakkol ɗin ƙananan yara, wadda ake ce ma jardan. Dokar ilimi ta 1998 ta tanadi irin wannan lakkol domin yara masu shekara 3 zuwa 5, kafin su shiga aji ɗaya. Ta ƙauyen nan ba ta da ginin kanta. Wani dattijo ne ya ba da aron zaurensa. Kayan aikin kuwa tabarmi ne, da randa, da buta, da allo baƙi guda.

Da safe yaran suna zuwa, wasu riƙe da hannun yayyensu. Malama tana tsaye bakin ƙofa da buta da sabulu. Ba mai shiga sai ya wanke hannu. Daga nan sai gaisuwa da Hausa, sannan da Faransanci. Lissafi da tsakuwa ake yin shi da ƙwallon goriba. Malama ta aje biyar, ta ɗauke biyu, ta ce saura nawa? Rubutu kuwa a ƙasa ake fara shi da yatsa, a ja layi, a yi zobe, har hannu ya saba, sannan a ba yaro alli. In rana ta yi zafi sai tatsuniya da waƙa. Akwai ɗan makiyayi da ya zo a watan Oktoba ba ya jin Hausa. Yanzu shi ne ke ƙirga ƴan ajin da safe.

Wani zai ce, ai wannan wasa ne. To mu da muke koyar da manya a makarantar yaƙi da jahilci mun san wahalar riƙon alƙalami ga hannun da ya shekara 40 yana riƙe da hauya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ya bi ta jardan ba ya kuka ranar da anka kai shi aji ɗaya. Ya riga ya iya zama, ya iya saurare, ya iya tambaya.

Shekarar karatu tana kamawa a watan Oktoba, ta ƙare a watan Yuni. Amma tun kafin hutu tabarmi sun fara yin fili. Ruwan farko na sauka kowa ya nufi shuka. Yarinya mai shekara 5 sai a bar mata goyon ƙanenta. Makiyaya sun fara shirin yin arewa da bisashe. Rumbu kuma ya yi ƙasa, wasu yaran ba su sha ko fura ba suke zuwa, hantsi bai gama ɗagawa ba sun kwanta barci. Shi ya sa iyaye mata sunka shirya, kowace tana kawo abin da ta samu na hatsi, a dama ma yaran kunu.

Babbar damuwa ita ce wurin zama. Ɗan mai zauren zai yi aure da kaka, za a karɓi ɗakin. Wasu sun ce a kafa rumfar kara, tunda ba ta cin kuɗi. Ƴan uwa, mu tuna. A watan Afrilu na 2021 gobara ta cinye azuzuwan kara a unguwar Peyiba ta Yamai, yara wajen 20 sunka rasu. A watan Nuwamba na wannan shekara irin ta ta auku a Maradi, yara fiye da 20 sunka rasu. Bayan haka gwamnati ta hana zaunar da ƴan jardan cikin ajin kara. Ƙaramin yaro in ya ga wuta ba ya sanin ƙofa. Ban da wannan, ajin kara sai an jira girbi a samu kara, ga shi ruwan farko na korar mutane daga ciki. Karatu ya ragu gaba da baya.

Mutanen ƙauyen sun zauna da maigari da kwamitin kula da lakkol. Sun yanke cewa da an gama girbi, tun tabki bai ƙafe ba, za a yi gayya a buga tubali. Samari su kwaɓa ƙasa, mata su ɗebo ruwa, waɗanda ke wajen biɗa su aiko da kuɗin ƙofa da taga. Aikin gayya ba baƙo ba ne a ƙasar Buza. Tun daga 1975 anka soma shuka layukan dogon yaro a kwarin Majiya don tare iska, kuma da hannun manoma aikin ya tsaya.

Saura magana guda. Wanda ɗansa zai shiga aji ɗaya a watan Oktoba, ya duba ko yana da takardar haihuwa. In babu, ya tafi ma'aikatar magajin gari tun yanzu ya tambayi yadda ake samun ta. Rashin takardar nan yana tare yaro ranar jarrabawa.

Wanda ya karanta wanga labari, ya karanta ma maƙwabcinsa da bai iya ba tukuna. In ƙauyenku na da jardan, ku aiko mana da labarin yadda kuke riƙe da ita. Allah ya ba mu damina mai albarka.