Wasa Biyar a Kwana Shida

'Yan uwa ɗaliban Arewa da ke karatu a nan Kudu, akwai wani labari da ya daɗe yana yi min yawo a rai, yau dai na ce bari in sauke muku shi.

A 1899, a jihar Tenesi ta Amurka, akwai wata 'yar ƙaramar jami'a a kan dutse da ake kira Sewanee. Ɗalibanta gaba ɗaya ba su kai 400 ba, wato wani ajin namu na 'yan shekarar farko ma ya fi su yawa. Suna da ƙungiyar ƙwallo irin ta Amurkawa, wadda ake rungume ƙwallon a ruga da ita, abokan hamayya su yi ta kayar da mutum. A lokacin ba a yarda a jefa ƙwallo gaba ba, sai a 1906 aka halatta. Ture ne kawai da ƙarfin ƙirji, kuma in aka fitar da kai daga fili ba ka komawa, shi ya sa mutum ko ya ji ciwo sai ya cije.

To, a shekarar sai suka saɓa da jami'ar Vanderbilt kan rabon kuɗin ƙofa, wasan da ya fi kawo musu kuɗi ya rushe. Manajan ƙungiyar, Luke Lea, wanda shi ma ɗalibi ne, sai ya shirya musu tafiyar jirgin ƙasa ta kusan kilomita 4,000 don cike giɓin. Ku duba fa:

9 ga Nuwamba, jami'ar Texas, 12 da nema.
10 ga wata, Texas A&M, 10 da nema.
11 ga wata, Tulane, 23 da nema.
Ran Lahadi suka huta.
13 ga wata, LSU, 34 da nema.
14 ga wata, jami'ar Misisipi, 12 da nema.

Maki 91, ba a ci su ko ɗaya ba. A kakar gaba ɗaya sun buga wasa 12 sun cinye duka, maki 322, aka ci su 10 kacal, su ma Auburn ce kaɗai ta ci, a wasan da aka tashi 11 da 10.

Kowa yaran yake yabo, kuma sun cancanta. Amma ni wallahi wanda ya tsaya min a rai shi ne Cal Burrows, baƙar fata, mai kula da jikin 'yan wasan. Daga dutsensu suka ɗauko ruwan sha a ganga don kada baƙon ruwa ya ɓata musu ciki, shi kuma in an gama wasa an shiga jirgi, shi ke bin su yana matsa musu jiki har su iya tashi gobe. A wancan zamanin na wariyar launin fata, ba a ɗaukar irinsa karatu a makarantar da yake yi wa wannan wahala.

Mu ma nan 'yan tsiraru ne, nesa da gida, kuma duk wanda ya gama lafiya akwai masu irin wannan hidima a bayansa. Mai shayin da ke ba ka bashi har kuɗi su iso daga gida. Direban tirela da ya rage maka hanya lokacin hutu. Dattijon Sabo da ya tsaya maka ka samu ɗaki. Yayanmu na ajin ƙarshe da ya bar maka littattafansa. Ran yaye ɗalibai ba za a kira sunan ko ɗayansu ba.

Don Allah kafin mu watse hutu, kowa ya biya bashin mai shayi, ya je ya gaida mai tsaya masa. Kuma ƙannenmu sababbin shiga suna nan tafe, wani a cikinmu ya je tasha ya tarbe su.