Dariya a Zauren Shari'a: Ra'ayina Kan Fim Ɗin Jolly LLB

Duk ɗan jaridar da aikinsa ya taɓa zaunar da shi a kotu ya sani cewa yawancin abin da ake yi a can jira ne da ɗage ƙara. Shi ya sa ba na cika yarda da finafinan shari'a ba, domin lauyoyinsu sun faye iya magana. Amma Jolly LLB, wanda Subhash Kapoor ya shirya a ƙasar Indiya cikin 2013, ya fita daban.

Labarin wani ƙaramin lauya ne, watau Arshad Warsi, da ya baro garin Meerut zuwa Delhi neman suna, ya sake tayar da shari'ar ɗan wani attajiri wanda ya sha ya bugu, ya bi ta kan talakawan da ke barci a gefen titi da mota. Jolly ba gwani ba ne. A takardarsa ta farko ma, inda ya so rubuta ɗaukaka ƙara da Turanci, sai ya rubuta sunan tuffa. Kuma da aka miƙa masa kuɗi ya karɓa, kafin kunya ta kama shi.

A ganina alƙalin ne ƙashin bayan wasan. Saurabh Shukla ya fito a dattijo gajiyayye, mai cin abinci a bisa teburin shari'a, wanda ya san gaskiya tun ranar farko amma doka ta ɗaure masa hannu sai an kawo shaida. Mutum yana cikin yi masa dariya sai ya tuna cewa gawawwaki shida ake magana a kansu, kuma ba wanda ya damu da sunayensu. Lalle ya cancanci lambar yabo ta ƙasa da aka ba shi.

Waƙoƙin dai ba su ƙara kome ba, al'ada ce kurum. Abin da ya fi damuna shi ne ƙarshen, wanda ya zo da sauƙi ainun. Haɗarin gaske da aka ɗauko labarin daga gare shi ya auku a Delhi cikin 1999, mutum shida suka mutu. Ba a yanke hukunci ba sai 2008, sa'an nan a 2012 Kotun Ƙoli ta bar ɗaurin a shekara biyu da mai laifin ya riga ya yi, ta haɗa masa da tara.